Batirin Bai Mutu Ba, Malam Bulus

Zuwa ga yayana kuma aminina, Malam Bulus, tsohon malamin dabbobi na ƙasar Gumel,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman Rahila da 'ya'ya da jikoki. Ina gaida mutanen garinku na kan dutse baki ɗaya. Mu nan Gumel lafiya lau muke, sai gwiwa da ta fara yi mini gardama. Mai ɗakina Hajara tana gaishe ku, ta ce a tambayi Maman Rahila ko har yanzu tana zuba wa miya barkono kamar mai huce haushi.

Na san ba da idonka za ka karanta wannan ba. 'Yarka Rahila ce za ta karanta maka, kuma na roƙe ta kada ta tsallake ko layi ɗaya, ko da ta zo wurin da ba zai yi maka daɗi ba. Na kuma sa takardar a shafina na intanet inda jama'a za su gani, da gangan na yi. A gaban mutane kake yabona, to gyaran ma gara a yi shi a gaban mutane.

Rahila ta kira ni makon jiya. Ta ce tun da idonka na biyu ya rufe ba ka da hirar da ta wuce ta Gumel. Duk baƙon da ya zauna kusa da kai sai ya sha labarin Salisu mai gyaran rediyo, wanda ya gane idonka na tafiya tun kafin kowa ya gane, amma ya rufa maka asiri wata takwas, ya ɗora wa batir laifi. Ta ce har a coci ka taɓa ba da misali da ni. Malam Bulus, saura kaɗan wayar ta suɓuce daga hannuna. Shekara talatin ina zaton ba ka san na sani ba. Abin da kake kira rufin asiri kuwa, ni shi ne abin da ya fi komai yi mini nauyi a ƙirji, domin da shi idonka na hagu ya tafi. Bari in ba ka labarin yadda ni na gan shi, sannan ka sake shawara a kan yabon.

Ka tuna ranar da ka fara zuwa shagona? Ba a daɗe da yanko Jigawa daga Kano ba. Ka tsaya da babur ɗin ofis, da wani dogon kwali ɗaure a baya, kana warin maganin shanu. Na ɗauka rediyo ce irin mai manyan lasifiku. Da ka buɗe sai ga jirgin sama, tsawon fukafukansa bai wuce hannuna biyu a buɗe ba, katakonsa ba nauyi kamar totuwar kara. Ka ce wani likitan mishan ne ya bar maka da zai koma ƙasarsu, tare da rimot da caja da tulin mujallu. Waya ɗaya ce ta cire daga jikin batirin, kuma an ce maka a duk kasuwar nan ni ne ba na ɓata aiki. Na narka dalma na liƙe ta cikin minti biyu, na ƙi karɓar komai, na ce ladana shi ne in ga abin ya tashi, don a raina ban yarda zai tashi ba.

Ya tashi kuwa. A fakon nan na hanyar Gagarawa, wanda ko damina ba ya fitar da ciyawa. Ka riƙe shi sama da kanka, farfelar ta ɗauki kuka, ka ɗan ruga ka wurga shi. Ni dai na san bakina a buɗe yake, domin sai da ƙuda ya kusa shiga. Ya hau, ya yi alkafura, ya mirgina, ya bi ta kanmu a rigingine cikinsa na kallon sama. Ina shirin gyara tsayuwa in sha kallo, sai kukan ya ɗauke, jirgin ya sulalo ya zauna a ƙasa. Na tambaye ka me ya lalace. Ka ce babu, ai shi ke nan, batir ya ƙare. Minti biyar. Na ji haushi ƙwarai, kamar an ɗauke mini kwano ina tsakiyar ci.

Tun daga ranar ka sa mini suna Injiniya, kuma Asabar ta zama tamu. Juma'a tawa ce, Lahadi taka ce, Alhamis kana kasuwar Maigatari kana buɗe bakin shanu kana duba kofato. Asabar da hantsi kuwa, kafin iska ta tashi, ko sarki ne ya aiko a ce ba ma nan. Fataken Damagaram da suka san ka a kasuwar shanu suka daina ce maka likita, suka koma ce maka mai abiyo, wai jirgi ke nan a bakinsu. Ka fi son wannan sunan, kada ka musa.

Batir biyu gare mu, kowanne ƙwaya bakwai a jere, na liƙe su da hannuna na naɗe da salatif. Da yake kai ba ka san komai a duniya ba sai saniya, mai farin salatif ka sa mata Bunaji, sunan fararen shanu, mai ja ka sa mata Rahaji, sunan jajaye. Muna ɗaura tsohon batirin mota a bayan babur, shi ke ba su wuta. A murɗa cajar kamar agogo, ta yi ta ƙas-ƙas har wajen minti ashirin. Kafin nan ma sai an jira batirin ya huce, domin in ya fito daga jirgi zafinsa kamar dafaffen ƙwai, in ka yi masa caji a haka ba ya ɗauka sosai. Dabarar hucewar tawa ce, ka yarda ko kada ka yarda. Mukan zo da tulu, mu zuba ruwa a yashi a gindin darbejiya, in sa batirin a leda in binne shi a wurin. Mujallunka na Turawa ba su san wannan ba.

Hajara ba ta taɓa gane mu ba. Takan ce magidanta biyu da furfura ta fara leƙo musu, su kwashi rabin yini a rana suna jiran abin da bai kai tafasar ruwan shayi daɗewa ba. Maman Rahila ta ce mata ta ƙyale mu, gara wannan da wani abin.

Agogo a hannuna yake. A sanyi, in an yi caji mai kyau, Bunaji takan ba mu minti biyar da rabi. A bazara da kyar take kai huɗu da rabi. In akwai iska, a rage. Alkafura kuwa ita ce mai cin wuta, kowace hawa sai ta tsotse batirin. Na sha gaya maka cewa in ka kashe inji a sama ka bar shi ya yi shawagi, za mu iya jan abin har minti takwas. Ka ce wannan aikin ungulu ne, kai ba ungulu ka ajiye ba. In na ɗaga murya na ce, “Huɗu!” sai ka ce, “Ɗaya tak, Injiniya,” ka sake cilla shi sama. Ɗaya tak ɗinka ba ta taɓa zama ɗaya ba. Sai injin ya yanke da kansa, ya bar 'yar wutar da za ta juya wutsiya, sannan ka lallaɓo da shi. Sau biyu muna cire shi daga cikin ƙaya saboda wannan taurin kan naka. Kullum maganarka ita ce, “Ni ba na dawo wa batir da canji.”

Akwai kuma aikin ƙwan fitila, wanda kai ka koya mini. Ka karanta a mujalla cewa irin wannan batirin, in ba a zuƙe shi tas ba kafin a ajiye, sai ya koyi lalaci, ya riƙa ba da rabin ƙarfinsa. Don haka duk Asabar in mun dawo, nakan tafi da su shago in jona kowanne da ƙwan fitilar mota, in bar shi har hasken ya yi ja ya dushe. Da yake ba ka dawowa da canji, abin bai wuce minti biyu ko uku. Kafin in wanke hannu in shimfiɗa buzun azahar an gama. Shekara huɗu muna haka.

A ƙarshen wata bazara ne, ana ta kallon gabas ana jiran ruwan farko, na ga abin da ban taɓa gani ba. Agogo bai kai minti uku ba sai ga jirgi ya sauko da injinsa na kuka. Ba alkafura ko ɗaya. Ka miƙo mini rimot kana tsaki, ka ce, “Rahaji ta gaji, Injiniya.” Na zare batirin. Ɗumi ne kawai a jikinsa, irin na kwanon da aka bari a rana. Na ɗauka wata waya ce take wasa.

A shago na jona ta da ƙwan fitila. Na wanke hannu, na yi alwala, na yi salla, na shafa addu'a, ƙwan nan yana nan fes. Ya haura kwata na awa kafin ya dushe. Na auna ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, bakwai ɗin nan lafiyarsu ƙalau. Asabar ta gaba Bunaji ce a ciki, ita ma ba ta kai minti uku ba ka sauko, ka ce ita ma ta kamu. Ita ma ƙwan fitila ya ƙaryata ka.

Daga nan na daina kallon jirgi, na koma kallon ka. Da can idonka kaɗai ke bin sa, kana tsaye kamar turke, har kana yi mini ba'a ta gefen baki. Yanzu da kai da wuya da kafaɗu kake bin sa gaba ɗaya. Ba ka bari ya yi nisa, ba ka bari ya bi ta hagunka. Alkafura ka daina, kuma na gane dalili: in ya hau ya juya, yana fita daga ɗan wurin da kake iya gani, sai ka neme shi. Minti biyu da rabi na wannan fargabar sun ishe ka, gumi har cikin kwalar rigarka. Sai sauran abubuwa suka fara dawo mini. Sau biyu ka bugi ƙyauren shagona da kafaɗar hagu ka ce ƙofata ce ta cika ƙunci. Ran nan a zaurena Hajara ta aiko da kunun tsamiya na ajiye a hagunka, ka yi ta hira har ya huce, sannan ka tambaye ni ko yau ba a dama ba.

Ni mai gyara ne, Malam Bulus. Aikina ke nan in gano inda wuta ta tsaya. Tun kafin a yi shuka na san ba a batir take tsayawa ba.

Me na yi? Na zo na same ka na ce laifina ne, liƙin da na yi ne ya saki. Ni, Salisu, da zan yini ina musu da mai rediyo a kan cewa aikina ba ya saki. Na narke dalma mai kyau na sake zuba wata. Da abin bai canza ba, na ce zafin Gumel ne ya dafa ƙwayoyin. Na hau mota har Kano na nemo sababbi biyu, na cire lafiyayyu na sa su. Da damina ta yi nisa na ce laima ce. Kai kuma kana karɓa kana jujjuyawa a hannu, kana cewa, “Injiniya, hannunka ya fara tsufa.” In yi dariya, ka yi dariya. Yanzu da Rahila ta faɗa mini, na zauna na yi tunani, na ga wautata. Kai ka koya mini aikin ƙwan fitila. Ka san duk Asabar yana gaya mini gaskiya. Ashe kai ka san na sani, ni ne ban san ka san na sani ba, muna tsaye kafaɗa da kafaɗa kowa na yi wa ɗan'uwansa ƙarya cikin ladabi.

Hajara ce kaɗai na gaya wa. Ba ta yi wata-wata ba ta ce, “Ka faɗa masa, ko ni in faɗa wa matarsa.” Na hana ta, har da ɗaga murya. Na ce kai wana ne, ka girme ni da shekara shida, ba a duban babba a ce masa ga nakasarka. Na ce aikinka na ido ne, in magana ta fita ta kai ofis za su sallame ka tun lokaci bai yi ba, ga yara a makaranta. Na ce mutum shi ya san jikinsa, in ya shirya zai faɗa. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma na san su kake ba mutane in kana yabona. Hajara ta dube ni ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta. Ta san ni fiye da haka.

Haka aka yi shuka, aka yi noma, aka yi girbi, aka ɗaure gero. Kana hawa babur zuwa Maigatari da Sule Tankarkar da wannan idon, a hanyar da jaki ko raƙumi ke iya faɗo maka ta gefe ba sallama. Duk Alhamis sai na ji ƙarar babur ɗinka ya wuce ta gaban shago sannan hankalina yake kwanciya. Amma bakina bai buɗe ba.

Ranar Ɗanzomo ba sai na tuna maka ba, amma zan faɗa saboda Rahila. An kwashe amfanin gona, fili ya buɗe, ka ce mu canza wuri, muka tafi gonakin ƙauyen Ɗanzomo. Ka wurga jirgi, ya hau lafiya. Ban kai ga cewa minti biyu ba wata 'yar iska ta ture shi hagu. Na ga kanka ya juya dama, ya dawo, ya ɗaga sama. Yatsunka suka tsaya cak a kan rimot. Sai ka ce, a hankali, da muryar da ban san ka da ita ba, “Salisu, ina yake?” Ba ka taɓa kirana Salisu ba tun ranar farko.

Na kama kafaɗunka na juya ka kamar ana juya buhu, na ce ga shi can saman kukar nan, yana tafiya, fiffiken hagu ya yi ƙasa. Ka same shi. Ka dawo da shi ya faɗi a kan kunyar gona, farfela ta karye, ba wani abu ba. Muka zauna a ƙasa. Ba wanda ya je ɗauko shi. Can na ce, kamar yanzu abin ya faɗo mini, ko za mu je Kano a duba idon nan. Ka ce to. Kalma ɗaya, ba musu, ba taurin kai. Wannan “to” ɗin ta daɗe tana cina, domin ta nuna mini da na faɗa tun bazara, da ita za ka ba ni.

A asibitin ido ina zaune a benci a bayanka lokacin da likitan ya gama haska ka. Ya ce hawan jinin ido ne, ciwon da ke ci daga gefe ba tare da zafi ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ya ce na hagu ya riga ya tafi. Na dama za a riƙe abin da ya saura da maganin ɗigawa, iya yadda Allah Ya sa. Ya tambaye ka tun yaushe, ka ce kwanan nan ka lura. Sai ya leƙo ta kafaɗarka ya tambaye ni, ni da nake tare da kai, ko na taɓa ganin wata alama. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina, na ce a'a. Ya girgiza kai ya ce da an zo wata shida baya, da an tsira da wani abu a na hagun. A gabanka ya faɗa, a gabana ya faɗa.

Da muka fito ka tsaya ka saya mana tsire a bakin tasha, ka ce ai ido ɗaya ma ya isa a gane saniya mai ciwon baki. Kana ta ba ni dariya har Gumel. Ni kuwa naman nan ko ɗanɗanonsa ban ji ba.

Abu ɗaya nake tunawa da daɗi a bayan wannan, kuma ina so kai ma ka tuna shi. Bayan mako uku ka zo shago da sabuwar farfela da ka fere da hannunka, ka ce in cika Bunaji har wuya. Muka koma fakonmu. Ka ce in bar agogo a aljihu, in tsaya a bayanka in zama idonka na hagu. Na dafa kafaɗunka, in ya yi nan in juya ka nan, bakina bai tsaya ba: yana hawa, ya kai, ya kifa, ga shi yana saukowa ta damanka. Alkafura uku ka yi ran nan, ta ukun a karkace, amma alkafura ce. Wani bafulatani da ke wucewa da tumakinsa ya tsaya yana kallonmu, mu yake kallo ba jirgin ba, ƙato na tuƙa ƙato. Muna nan har injin ya yanke da kansa. Da na zare batirin sai da na yi ta jefa shi daga hannu zuwa hannu don zafi. Ka yi dariya har da hawaye, a idon da ke gani da wanda ba ya gani.

Ka ƙara shekara biyu a aiki, sannan ka ajiye da kanka, kuka kwashe kuka koma Filato. Mun yi wasiƙa, daga baya mun yi waya, mun yi ta'aziyya da barka. Kowane lokaci sai in ce yau zan faɗa, sai ka fara tsokanata a kan liƙina mai saki, in biye maka.

To ga abin da ban gaya wa Hajara ba, ban gaya wa likita ba, ban ma cika gaya wa kaina ba. Ba kunyar girmanka ce ta rufe mini baki ba, ba kuma tsoron aikinka ba. Waɗannan riguna ne na sa wa abin don ya fita cikin mutane. Tsoro nake in an tabbatar da ciwon za ka ajiye rimot, ka ajiye aiki, ka koma garinku, in rasa ka. Ni mutum ne da ya tashi a shago ya tsufa a shago, tsakanin matattun rediyoyi. Ban taɓa samun wanda ya ɗauke ni da muhimmanci kamar yadda ka ɗauke ni ba, har ka riƙa neman shawarata kana rubutawa a bayan mujalla. Minti biyu da rabin nan da kake iya yi, na ga sun ishe ni, in dai kana nan. Na zaɓi in riƙe abokina kusa da ni ko da idonsa zai biya. Ban zauna na tsara shi haka ba, wallahi, amma duk Asabar da na kashe ƙwan fitilar nan na yi shiru, abin da na zaɓa ke nan. Son ka nake, wannan ba ƙarya ba ne. Amma son nan da son kaina a cakuɗe suke, kuma kai ne ka ɗauki asarar.

Za ka ce kai ma ka ɓoye. Na sani. Amma kai tsoro ne ya kama ka, mai tsoro kuwa yana bukatar wanda zai riƙe hannunsa ya ja shi asibiti. Ni ne ke tsaye a wurin, da idona biyu lafiya lau.

Don haka ina roƙon ka abu biyu, yayana. Ka daina ba jikokinka labarina a matsayin abin koyi. In za ka ba su, ka ba su daidai: ka ce musu in sun ga abokinsu na tuntuɓe su faɗa masa ran nan, ko zai yi fushi, ko zai tafi. Na biyu, ka yafe mini. Ba yafewar da ka riga ka yi ba tun ba a roƙe ka ba, wannan ta wani Salisu ce mai kirki da ka ƙera a ranka. Wannan na gaskiyan nake so ka yafe wa, bayan ka ji komai. In kuma sai ka yi fushi tukuna, ka yi, haƙƙinka ne, ka daɗe ba ka karɓa ba. Bayan ƙaramar salla in Allah Ya kai mu zan hau mota in zo, ni da Hajara. Zan zauna kusa da kai inda hannunka zai iya kai wa kunnena, ka faɗa mini duk abin da ka ga dama.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ya sanyaya maka zuciya, Ya sa haƙurin da ka yi ya zame maka alheri. Ya saka wa Maman Rahila da ta zame maka ido duk shekarun nan, Ya yi wa Rahila da 'yan'uwanta albarka. Ya ba jikokinka abokai masu faɗa musu gaskiya da wuri. Ni kuma Ya yafe mini, Ya sa in iske ka da rai da lafiya, in ji amsarka daga bakinka. Amin.

Naka har kullum,
ƙanenka da ya gani ya yi shiru,
Salisu mai rediyo, Gumel.